Kafin ka biya kuɗin gida a Sakkwato: me rahoton mai duba gini yake faɗa?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaci ne nan Sakkwato. Yayana da ke aiki Ingila ya turo kuɗi in saya mai gida, dillali kuma ya nuna min wani wajen Mabera, ɗaki huɗu da falo biyu, sabon fenti, tayil har waje. Da na tura mai hotuna sai ya ce kar in ba da ko kwabo sai an samu masani ya duba gidan ya rubuta rahoto, wai haka a kai can. Dillali ya yi dariya, ya ce wannan bidi'ar Turawa ce, gida ido ka ganin shi, kuma akwai wani mai so in ban yi sauri ba. Mi wannan rahoton ka faɗi wanda idona bai gani ba? In ya fito lafiya lau, ke nan gidan ba ya da matsala?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya biyu ka haɗa: me mai duba gida yake gani wanda kai ba ka gani ba, sannan wane irin tabbaci takardarsa take ba ka. Ta biyun gajeriya ce, bari in fara sauke ta. A'a, rahoto mai kyau ba ya nufin gida ba shi da aibi. Duk da haka yayanka ya fi dillali gaskiya, nesa ba kusa ba, kuma zan gaya maka dalili.

A Ingila mai sayen gida yakan ɗauki ƙwararre ya duba masa, kuma ƙungiyar irin waɗannan ƙwararru, mai suna RICS, ta kasa binciken mataki uku, daga na sama-sama zuwa na ƙwaƙƙwafi da ake yi wa tsohon gini. A Amurka ma sau da yawa akan sa sharaɗin dubawa cikin yarjejeniyar ciniki, in an gano babban aibi mai saye ya janye. Mu a nan babu dokar da ta tilasta hakan. Abin da muka saba shi ne a zo da wani birkila da aka sani, ya ƙwanƙwasa bango da makulli, ya ce "ginin nan ya sha siminti," shi ke nan a shiga maganar kuɗi. Amma kiran abin bidi'ar Turawa kuskure ne. Kowane ɗalibin fiƙihu a garin nan ya san babin aibi a ciniki, ya san haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani. Ya kuma san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji jiƙa a ƙasa, ya ce me ya sa ba a sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Aikina ke nan a taƙaice, cusa hannu cikin tsibi.

Takardu uku da ake rikitawa

Akwai rahoton ƙima, wanda masu kimanta kadara suke rubutawa, irin wanda banki ke nema kafin ba da rance. Shi yana faɗin nawa gidan ya kai a kasuwa. Akwai binciken takardun fili, aikin lauya da ma'aikatar filaye. Sai na uku, rahoton lafiyar gini, wanda yayanka yake nufi. Na sha ganin mutum riƙe da rahoton ƙima yana cewa ai an duba masa gida, alhali wanda ya rubuta bai ko leƙa cikin silin ba, don ba aikinsa ba ne.

Wanda zai duba maka lafiyar gini ya zama injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON, ko akitek mai rajista da hukumar masu zanen gini ta ARCON wanda ya daɗe a fagen aiki. Ka nemi lambar rajistarsa da hatiminsa a kan rahoton. Sharaɗin da ya fi duka muhimmanci kuwa, kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi. Kada ka karɓi wanda dillali ya kawo, ko da kyauta ne. Dillali la'adarsa tana rataye da faɗuwar ciniki, ba laifi ba ne, sana'arsa ce, amma bai dace ya zaɓa maka alƙali ba.

Ruwa kafin komai

Baƙo zai ɗauka garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, rana ce abokiyar gabar gininsa. A shekarun da na yi ina shiga gidajen mutane, ruwa ne ya fi kashe gini a Sakkwato. Damunarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma takan sauko da ƙarfi, musamman a Agusta, ga unguwanni da yawa an gina su kafin a yi musu magudanai. Kai da kanka ka san wasu sassan Mabera sun daɗe da suna wajen kwanciyar ruwa. Ba duka ba, akwai tudu akwai kwari, wani lokaci layi biyu ne kawai tsakaninsu. To, aikin farko na mai dubawa shi ne gano a wanne gidanka yake.

Shi ya sa ni kafin in shiga gida nakan tsaya a titi. Ina kallon tsayin daɓen gidan da na hanya: wanne ya fi? In an yi wa titi ciko ya ɗara dokin ƙofa, ruwan unguwa duka baƙonka ne. Ina kallon ƙofofin maƙwabta. In na ga kowa ya gina ɗan shinge na bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofarsa, har sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ba sai kowa ya gaya min komai ba. Ina kallon katangun da ba a yi wa fenti ba, domin ruwa yakan bar zane a jikinsu daidai inda ya tsaya. Sannan nakan zauna da mai shayi ko mai kanti na kusa in tambaye shi yadda layin yake a Agusta. Ba na sa maganarsa a rahoto a matsayin hujja, amma ita take nuna min inda zan sa ido.

Ka ce an yi sabon fenti da tayil har waje. Wannan jimlar ita ta fi tsaya min a wasiƙarka. Mai yiwuwa ado ne kawai. Amma tayil ɗin da aka manna a ƙasan bango, daga daɓe zuwa kamar ƙugu, sau da yawa rufin asiri ne. Idan magini bai shimfiɗa leda ko wani abin tare danshi ba lokacin da ake zuba daɓen ƙasa, bulo yana tsotsar ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Sai ka ga fenti yana kumbura, filasta tana marmashewa, wani farin gishiri mai kama da kanwa yana fitowa. Mai gida ya gaji da sake fenti sai ya lulluɓe da tayil. Danshin kuwa bai tafi ba, sai ya hau sama da tayil ɗin ko ya ɓulla ta cikin ɗaki. Muna da ɗan na'urar auna danshi da ake dangwalawa a bango. Da ita, da ƙwanƙwasa tayil a ji ko ya yi kwararo, da leƙa bayan kabad da ƙarƙashin kafet, ake gane ko ado ne ko ɓoyo.

Sai tarihin filin kansa. Wurare da yawa da suke unguwanni yanzu, da can kududdufai ne da aka haƙi ƙasar gini, daga baya aka cike su da juji aka yanka fuloti. Gidan da ke kan irin wannan ciko yana iya yin shekaru yana sauka a hankali. Wanda ke kusa da fadama kuma yana kan laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, harsashi yana hawa yana sauka da ita. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya tafi da gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan gini a bakin fadama. Wanda ya dace da tudu mai marmara kuwa, rabin damuwarsa ta tafi.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba

A nan rahoto yake yi wa mai saye amfani ta fuska biyu, domin yana hana shi sayen matsala, yana kuma hana shi gudun abin da ba matsala ba. Kusan babu gidan bulo a garin nan da ba shi da tsaga. Zafin rana da bushewar hunturu suna sa filasta ta yi 'yan siraran tsagogi kamar saƙar gizo, musamman in ba a ba ta ruwa sosai ba lokacin da aka yi ta. Waɗannan a fata suke, ba su kai ƙashi ba.

Wadda nake tsayawa a kanta ita ce wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a gefe ɗaya, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri guda. Wannan tana cewa wani sashe na harsashi ya motsa. Muna auna faɗinta. Ƙasa da milimita 1 ba komai ba ce. Har zuwa milimita 5, kamar tsinken ashana biyu a haɗe, yawanci cikewa ake yi. Daga 5 zuwa 15 sai an nemi dalili. In ta kai yatsa yana shiga, ƙofofi sun fara cijewa, daɓe ya karkata, to magana ta koma ta harsashi, kuma gyaran harsashi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Rahoto nagari zai ba ka hoton kowace tsaga, da wurinta, da faɗinta, da abin da mai dubawa yake zaton ya jawo ta: ciko ne, ko sokawe da ke yoyo kusa da bango, ko saiwar dogon yaro da aka dasa dab da gini.

Abin da ziyara ɗaya ba za ta iya faɗa ba shi ne ko tsagar ta tsaya ko tana ci gaba. Don a san wannan sai a manna ɗan gilashi ko dunƙulen filasta a kanta, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan makonni. Mai sayarwa ba kasafai yake da wannan haƙurin ba. A gidan da aka yi wa sabon fenti kuwa, sai mu bi bango da tocila a karkace, domin inda aka cike tsaga yakan yi ɗan tudu da inuwa ke tonawa.

Ingancin bulo shi ma ana gwada shi gwargwado. Muna da kamfanin siminti a Kalambaina, a bakin ƙofarmu, amma wannan bai hana mai buga bulo ya ja buhu ɗaya ya fitar da fiye da abin da ya kamata ba. Inda bulo yake a buɗe, kamar bayan katanga ko cikin silin, nakan kankare shi da ƙusa. In yana zuba kamar garin kwaki, na san irin ginin da nake ciki. Ginshiƙai da dekin kuma akwai wata na'urar gwaji da ake harba wa kankare ta ba da kiyasin ƙarfinsa. Kiyasi ne, ba hukunci ba. In akwai tabon tsatsa a ƙasan dekin ko kankare ya ɓantare rodi ya bayyana, wannan yana shiga sahun farko na rahoto. Kuma in yayanka yana da niyyar ɗora bene nan gaba, ka faɗa tun kafin a fara dubawa. Harsashin da aka yi don gidan ƙasa ba a yi shi don ɗaukar bene ba, sai an haƙa gefensa an gani, da izinin mai gida.

Sama, waya da masai

Mai dubawar da bai shiga cikin silin ba bai gama aiki ba. A can ake ganin ko gara ta ci katako, ko an shafa masa magani, ko akwai tabon yoyo, da yadda aka ɗaure rufin da bango. Iskar farkon damina kowace shekara tana yaye kwanukan gidaje a jihar nan, kuma yawanci rufin da aka ɗora ba a ɗaure shi da rodi ko langalanga ba ne yake tashi. Gidajen yayi masu ɓoyayyen rufi a bayan katanga suna da nasu ciwon: magudanar kankaren da ke tara ruwan tana toshewa da ƙura da leda, ko ta tsage, ruwa ya bi bango ya sauko. In tsohon ginin ƙasa ne a cikin gari, can wajen Kanwuri, sai a duba azara da indararo da yaɓen soro, amma naka ba shi ba ne.

Wajen wuta ana buɗe akwatin rarraba wuta da wasu soket. An saba sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyaya ɗaki. Mai ginin sayarwa yakan rage, ko ya sa wayar da aka yi wa rufin tagulla a sama kawai. A garin da kowa ke kunna na'urar sanyi da zarar an kawo wuta, wannan maganar gobara ce. A duba ko an kafa sandar da ke kai wuta ƙasa. Ka kuma ɗauki lambar mita ka je ofishin Kaduna Electric ka tambayi ko akwai tsohon bashi, domin bashin wuta yakan jira sabon mai gida.

A buɗe murfin sokawe a gani, a saki ruwa a kowane bayi. In akwai rijiya ko burtsatse, a auna nisanta da masai. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kamar mita 30, fulotinmu na ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa duka kusan mita 30 ne, ga na maƙwabci a bayan katanga. Don haka nakan rubuta a kai ruwan ɗakin gwaji kafin iyali su fara sha.

Yadda za ka karanta shi

Fara daga shafin da kowa ke tsallakewa, inda mai dubawa ya lissafa abin da bai iya gani ba. "Ɗaki ɗaya a kulle yake." "Babu wuta ranar da na je, ban gwada soket ba." "Ba a ba da izinin haƙa gefen harsashi ba." Wannan shafin shi ke gaya maka nauyin sauran. Rahoton da ba shi da irin wannan shafin, wanda ya ce komai lafiya a layi biyar, ni ba na yarda da shi.

Sannan ka duba ko an rarrabe aibobin. Jerin abu arba'in a jere yana firgita mutum a banza, alhali talatin daga ciki famfo mai ɗiga ne da makullin da ya lalace. Abin da kake so shi ne a ware maka wanda ke barazana ga rai ko ga tsayuwar ginin, da wanda dole a gyara kafin damina, da wanda zai iya jira. Kowane babba a sa masa kiyasin kuɗin gyara, ko da yake da yadda farashin siminti da rodi ke motsi, kiyasin wata uku da suka wuce sai an sabunta shi.

Bari in ba ka labarin inda ni kaina na gaza. Wata shekara a watan Maris na duba wa wani bawan Allah gida. Bango a bushe, rufi lafiya, daɓe ya ɗara titi. Na rubuta rahoto mai daɗi, ya saya. Da Agusta ta zo sai ya kira ni, tsakar gidansa ta zama tafki. Ashe ruwan layin da can yana bi ta wani fili ne a bayansu, mai filin kuma ya tashi ya zagaye shi da katanga a watan Mayu. Babu abin da na rubuta da ba gaskiya ba ne ranar da na rubuta shi, amma ban tambayi ina ruwan yake tafiya bayan ya bar ƙofar gidan ba. Tun daga nan nake bin hanyar ruwa da ƙafa har inda ta ƙare, kuma duk rahoton da na yi da rani nakan rubuta a fili cewa ban ga gidan a cikin ruwan sama ba. Ba na ganin cikin bango, ba na ganin rodin da ke cikin linta, ba na ganin bututun da aka binne. Alamu nake karantawa.

Haka kuma rahotona ba zai gaya maka ko mai sayarwa shi ne mai gida ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna ne, kuma sauya mallakar fili mai takardar shaidar mallaka yana bukatar amincewarsa. Lauya ya je ma'aikatar filaye ya tabbatar da takardar, ya duba ko ba a jinginar da ita a banki ba, a kuma tambayi hukumar tsara birane ko ginin yana da izini kuma bai hau hanya ko magudana ba. In gidan gado ne, a tabbatar an raba, kuma duk magada sun yarda. Ka je ka gai da mai unguwa, yakan san abin da ba ya cikin fayil.

Game da wancan "wani mai so" da dillali ya ambata, wataƙila akwai shi, wataƙila babu. Duba gida mai ɗaki huɗu aikin yini ɗaya ne, rubutawa kwana biyu ko uku. Ka ce masa kana so, amma kana neman mako guda. In dole sai ka ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar maka in bincike ya nuna aibi a harsashi, ko rufi, ko takardu. Mai gidan da ya ƙi a shiga silin ɗinsa ko a buɗe sokawensa, ƙin nasa ma bayani ne. In rahoto ya fito da gyare-gyare masu iyaka, kada ka gudu, ka ɗauke shi ka koma teburin ciniki a rage maka kuɗin gyaran. In ya nuna gidan yana kan ciko yana sauka, ko daɓensa yana ƙasa da titi a layin da ruwa ke kwana, shawarata ka bar shi ko da an karya farashi, domin waɗannan biyun gyaransu ba ya ƙarewa.

Ranar dubawar ka je da kanka, ka sa tufafin da ba ka jin tausayinsu, ka bi mai dubawa duk inda ya shiga. Ka kira yayanka ta bidiyo lokacin da aka zo kan tayil ɗin nan na waje, ya ji ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa. Allah Ya sa a dace.